Hanyar da Teku Ke Haɗiyewa

Kwandon 'ya'yan itacen da Tae-bok mai kai wasiƙu ya kawo yana nan a ƙofar gida inda Omma, uwar Miran, ta jefar da shi, har ƙudaje sun fara bi. Naman da ya haɗo da shi kuwa tuni karen maƙwabta ya yi gaba da shi. Miran ta tsaya tana kallon kwandon, takalmin aikinta a hannu, ta kasa tsallake shi ta wuce.

Ranar Lahadi ya zo neman aurenta, sanye da kwat ɗin aro, ya durƙusa a tsakar gida har goshinsa ya taɓa ƙasa. Ya kira uwarta da Omonim, sunan da suruki ke kiran uwar matarsa. Omma ko ɗagowa ba ta yi ba daga wankin shinkafar da take yi. Ta ce masa ita 'ya ɗaya ta haifa, ba ta da ɗa namiji, ya tashi kada ya ɓata wandon mutane.

"In yana ba ki tausayi ki ɗauka mana," in ji Omma daga bakin madafa. "Ki kai masa gidan waya, ya zuba a jakarsa ya raba wa jama'a."

Miran ta juyo, idanunta sun kawo ruwa. Ta tambayi uwarta abin da bawan Allahn nan ya yi mata. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, duk tsibirin Dalmi ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga wa wani murya.

"Ubanki ma ba ya sha," Omma ta ce. "Ba ya caca. Murya kuwa sai kin matso kusa kafin ki ji shi."

Miran ta sunkuyar da kai, don ta san inda maganar za ta. Ubanta ma wannan jakar ya rataya. Shi ke kai wasiƙu ƙaramin tsibirin Soru, inda babu gada, sai hanyar duwatsu da magabata suka jera a kan taɓo. In teku ya janye hanyar ta fito, in ya dawo ya haɗiye ta. Wata safiya ya tura kekensa ya hau duwatsun, bai ƙara dawowa da ƙafarsa ba. A cikin komar masunta aka same shi.

"Da ke a bayana na tsaya a bakin ruwan nan," Omma ta ce. "Kina kukan yunwa, ni ina kiran sunansa. Ba na goya ki ba ne don ki je ki tsaya inda na tsaya. Duk faɗin Koriya ba namiji sai mai jaka?"

"Omma, shi nake so."

"Ni ma shi nake so a lokacin. Me son ya hana?"

Daga nan ta koma kan maganar da ta saba. Ko dai Tae-bok ya ajiye jakar, ko Miran ta ajiye Tae-bok. Ga Gil-jae nan, mataimakin shugaban gidan waya, mutumin da ke zaune a kan kujera, wanda takalminsa bai san taɓo ba. Uwarsa ta yi ta sintiri a gidan nan da busasshen kifi da yadi, tana nema masa auren Miran, kuma tana jiran amsa kafin bikin kaka.

Miran ta share fuska da bayan hannu, ta sa takalminta, ta fita ba ta karya ba.

*

Jirgin ruwan da ke kawo wasiƙu daga birnin Mokpo ya makara a ranar, don haka masu kai wasiƙu suna tsaitsaye a harabar gidan waya, kowa kusa da jan kekensa. Mutanen gari sun kewaye Tae-bok kamar kullum. Wata tsohuwa na so ta ji ko za a iya aika wa ɗanta soja tulun kimchi, jiƙaƙƙen kabejinsu mai yaji, ba tare da ya fashe ba. Wani dattijo yana mitar cewa 'yarsa ta daina rubuto masa, ko dai su ne ke zubar da wasiƙun a teku. Tae-bok ya ce masa in ya ga kifi sanye da tabarau yana karatu, zai ƙwato masa. Dattijon ya kai masa duka da hula, aka yi ta dariya.

Miran ba ta yi dariya ba. Ta wuce ɗakin haɗa waya, inda take aiki, ta zauna gaban allonta. Duk mai son yin waya a tsibirin, ko daga ƙauyukan kewaye, sai ya bi ta hannunta, ita ke soka igiya ta haɗa shi da wanda yake nema. Ta tagar ɗakin tana hango harabar, ta ƙofar kuma tana hango teburin Gil-jae.

Tun da shugaban gidan wayar ya tafi jinya, komai ya koma hannun Gil-jae. A makon da aka ga Miran a bayan keken Tae-bok, a makon ne ya sauya rabon hanyoyi. Ya ce tsohon da ke zuwa Soru gwiwarsa ta gaji, a bai wa matashi. Ba wanda ya iya cewa ƙarya ne, don gwiwar ta gaji ɗin.

Da jirgi ya iso aka zazzage buhunan, aka ware wasiƙu cikin gaggawa. Miran ta bar wa abokiyar aikinta allon, ta zagaya bayan ginin inda Tae-bok ke ɗaure ƙunshin kaya a kan kekensa.

Ya ɗago ya dube ta, ya ga idanun, bai tambaya ba.

Ta roƙe shi ya bar aikin. Ta ce gonar gishiri na neman ma'aikata, ita ba ruwanta da ko me zai kawo gida, in dai zai kawo kansa. Ya saurare ta har ta gama, hannunsa na kan igiyar da yake ɗauri. Sannan ya ce mata a Soru saura tsofaffi kawai, rabinsu ba sa iya karanta abin da yake kai musu, sai ya zauna ya karanta, wani lokacin ya rubuta musu amsa. Shi ke sayo musu magani da ashana da zaren ɗinki. Akwai gidan da in bai buga ƙofa ba, ba wanda zai buga har mako ya zagayo. Yau ma akwai maganin wata tsohuwa a cikin kayan. Ya ce ta ƙara haƙuri, ya nemi a maida shi Mokpo, inda hanya duk kwalta ce.

"Wa zai amince da tafiyar taka? Gil-jae?"

Ya ci gaba da ɗaurin.

"Oppa," ta ce, sunan ƙaunar da take kiransa da shi, "ka makara yau. Ruwa fa."

"Na san ruwan nan, Miran. Akwai sauran lokacin da zan haye. In na isa zan zauna can har ya sake janyewa, in dawo da yamma." Ya yi ɗan murmushi. "Ki ce wa Omma kwandon na aro ne shi ma, ta taimaka ta ajiye min."

Ta so ta yi dariya, sai kuka ya zo. Ya sa babban yatsansa ya goge mata hawaye, ta kama hannun ta riƙe, sai da aka kira ta daga ciki ta sake shi.

Tana zama fitilar layin Soru ta kama. Dattijo Pyo ne, mai unguwar tsibirin, gidansa kaɗai ke da waya. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce ta ba shi mataimaki maza. Muryarsa ta fito tar, kamar yana tsaye a bayanta. Ta soka igiyar, ta cire abin sauraro daga kunnenta, don doka ta hana mai haɗa waya jin maganar mutane.

Ta ƙofa ta ga Gil-jae ya ɗauka. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya faɗi wata gajeriyar magana, ya ajiye. Ya ɗan zauna yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya tashi, ya gyara wuyan rigarsa, ya fita haraba. Ta taga ta ga ya dafa kafaɗar Tae-bok yana murmushi, ya taya shi ƙara ɗaure kayan, har ya riƙe masa keken ya hau.

Rana na haskawa a wannan ɓangaren tsibirin. Tudu ya tare teku, ba a ganin komai. Tae-bok ya kaɗa ƙararrawa a ƙarƙashin tagarta, ya sha kwana, ya ɓace.

 Tunda take ba ta taɓa ganin Gil-jae ya riƙe wa wani keke ba.

*

Hantsi ya dubi ludayi, fitilar Soru ta sake kamawa.

"Yarinyar gidan Yang ce?" in ji Dattijo Pyo. "Ina fata dai an tsayar da yaron nan. Iska ta juya daga kudu, ruwa ya taso tun lokacinsa bai yi ba. Ga hazo, ko hannuna ba na gani. Na faɗa wa mataimaki ɗazu kada kowa ya hau duwatsu yau."

Miran ta ji ɗakin ya juya mata. Ta tambaye shi ko Tae-bok ya iso. Ya ce wane irin iso, ba an hana shi tahowa ba?

Ba ta san lokacin da ta isa gaban teburin Gil-jae ba. Yana buga hatimi a kan takardu, ɗaya bayan ɗaya, bai fasa ba. Ta maimaita masa abin da mai unguwa ya ce. Ya ajiye hatimin a hankali, ya dube ta da fuskar mamaki, ya ce layin ne ba kyau, ƙara kawai yake ji, ya ɗauka dattijon yana tambayar maganin tsohuwar nan ne.

"Ni na haɗa layin. Garau yake."

"Kin saurara ne?" ya tambaya ƙasa-ƙasa. "Kin san hukuncin sauraro, Miran-shi." Haka yake kiranta, da lafazin girmamawa.

"Ban saurara ba."

"To ai shi ke nan. Ba ki san abin da na ji ba."

Ya miƙe, ya ɗauki hularsa, nan take ya koma wani mutum daban. Ya fita yana ba da umarni da ƙarfi, a kira 'yan sanda, a taso masu kwale-kwale, a rufe kantar gidan waya kowa ya fito. Duk wanda ya gan shi a lokacin sai ya ce ƙaninsa ne ya ɓata.

Miran ta riga su fita. Ta hau tudun da gudu, takalmi ɗaya ya fice ba ta tsaya ba. Tana kaiwa ƙoli ta ci birki. Babu teku, babu Soru, babu sama. Wani farin bango ne kawai ya tokare daga ƙasa har inda ido ya tsaya, yana matsowa a hankali.

A bakin ruwa ta tarar da matan da ke tonon kaguwa da dodon-koɗi, sun gudo daga taɓon da kwanoninsu. Omma na cikinsu. Sun ce sun gan shi ya shiga yana tura keke, a lokacin hazon bai rufe ba, har ya ɗaga musu hannu. Duwatsun farko na hanyar sun riga sun nutse. Ruwan ba ya ko hayaniya, shigowa kawai yake, baƙi, yana lasar yashi.

Miran ta kutsa cikinsa har gwiwa tana kiran sunansa. Mata suka janyo ta, ta fizge, suka sake janyo ta. Hazon ya shanye muryarta, ko amsa-kuwwa babu.

Omma ta sunkuya. Ta kifar da kaguwarta a ƙasa, ta ɗauki dutse, ta fara dukan gindin kwanon. Sauran matan suka bi ta. Ƙarar ta cika gaɓar, ko wanda ya ɓace a ciki zai ji ya san inda tudu yake. Omma na duka idonta a kafe cikin hazon, leɓenta na motsi, kuma Miran ta lura ba sunan Tae-bok take kira ba.

Masu kwale-kwale suka zo suka duba, suka girgiza kai. Wurin duk duwatsu ne a ƙarƙashi, wanda ya shiga a makance shi ma sai an nemo shi. Gil-jae ya yi ta yi musu faɗa, har ya cire kwat ɗinsa kamar zai faɗa ruwa, aka rirriƙe shi. Da ya huce, sai ya zo ya yafa wa Omma kwat ɗin a kafaɗa. Omma ta daina duka, ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ci gaba.

Haka aka wuni. Wani ya kawo shinkafa, ba wanda ya ci. Aka yi ta aikawa a bugo Soru, amsar ba ta sauya ba. Hannun Omma ya fashe, dutsen ya yi ja, ta ƙi bai wa kowa.

*

Rana ta yi sanyi kafin ruwan ya fara ja da baya. Hazon ya yi shara-shara, duwatsun suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, jiƙaƙƙu, gansakuka na lilo a jikinsu. Miran ce ta fara hawa, ƙafa ɗaya ba takalmi. Omma na biye da ita, sai Gil-jae da maza.

A tsakiyar hanya suka ga keken. Ya faɗa gefe ya cushe tsakanin duwatsu, ƙafar gaba ta lanƙwashe, laka ta cika ƙararrawar. Kusa da shi akwai ɗaya daga cikin dogayen turakun da aka kafa don nuna hanya. A can ƙolin turken, sama da inda ruwa ya bar alama, an ɗaure jakar wasiƙu da bel, tam.

Omma ta ɗaga kai ta gan ta, ta zauna a kan dutse.

"Haka ubanki ya yi," ta ce. "Da hannun da zai rungumi turke ya tsira, da shi ya ɗaure jaka."

Wani ya hau ya kwance ta. Ko ɗigon ruwa bai taɓa wasiƙun ba, maganin tsohuwar ma yana ciki. Miran ta karɓe ta ta rungume a ƙirji. Tana ƙanshinsa. Ta buɗe baki za ta yi kuka, kukan ya ƙi fitowa.

A nan ne suka ji muryoyi daga gaba. Wasu inuwoyi suka ɓullo daga ɓangaren Soru, tsofaffi, suna tafe a hankali, ɗauke da wani abu a kan ƙyauren ɗaki. Dattijo Pyo ke gaba yana dogara sanda.

Miran ta ruga. Ta faɗi, ta tashi, ta sake rugawa. Idonta na kan abu ɗaya, ko an rufe fuskar.

Ba a rufe ba. Leɓɓansa sun yi shuɗi, goshinsa ya tsage, an ɗaure ƙafarsa ta dama da itace. Amma bargon da ke kansa yana hawa yana sauka. Mai unguwa ya ce igiyar ruwa ce ta jefa shi cikin gora-goran da masu kifi ke kafawa a bayan tsibirin, ya maƙale a nan har hazo ya ɗaga aka hango shi. Sun yi ta bugo waya, aka ce musu duk jama'a sun riga sun fito kan hanya.

Ta durƙusa ta kama fuskarsa tana kiran Oppa, Oppa. Ya buɗe ido da ƙyar, ya dube ta, ya dubi jakar da ke kafaɗarta, ya maida idon ya rufe.

Sai ta miƙe. Ta juya ga Dattijo Pyo, a gaban kowa, ta ce ya faɗa wa jama'a abin da ya gaya wa mataimaki da safe, da abin da mataimakin ya amsa masa.

 Tsohon ya dubi Gil-jae. Matar Pyo gwaggon Gil-jae ce, kuma wayar da ke gidansa ma Gil-jae ne ya sa aka ja masa. Ya maida idonsa kan sandarsa, ya yi kaki, ya ce shi dai ya faɗa, amma kun san wayar nan tasu, in iska ta taso ba a jin komai. Mai yiwuwa yaron bai ji ba.

"Ƙarya ne," Miran ta ce. "Ni na..."

Wani hannu ya damƙi wuyan hannunta, ya murɗe. Omma ce. Ta ja ta gefe, ta juya wa mutane baya, ta kawo bakinta dab da kunnenta. Hannun nata ya shafa wa Miran jini.

"Rufe bakinki."

"Omma, shi ne. Ya sani, ya tura shi."

"Na sani. Na ga idonsa lokacin da ya yafa min riga." Numfashin Omma na fita da zafi. "Ba ki da shaida, shi yana da dangi, yana da kujera. Ƙafar yaron nan za ta warke, zai koma ƙarƙashinsa, shi zai ci gaba da faɗa masa hanyar da zai bi da ranar da zai bi ta. Yau ruwa ya tofo shi. Kina tsammanin zai sake?"

Miran ta girgiza kai, hawaye na zuba, tana cewa a'a, a'a, ba ta ma san abin da take ƙi ba.

"Da safe don kanki na hana ki," Omma ta ce. "Yanzu don shi ne. Muddin kina sonsa a fili, a bakin kabari yake. Gobe zan aika wa uwar Gil-jae. In kina so ya rayu, ki ce to."

Omma ta sake ta.

Tsofaffin Soru sun gaji, maza suka karɓi ƙyauren. Gil-jae ne ya riga kowa, ya kama ɓangaren kai, ya gyara wa Tae-bok bargo har wuya. Aka juya aka nufi Dalmi. Da suka zo wucewa ta gabanta ya ɗan tsaya, kan Tae-bok na tsakanin hannuwansa, ruwa na gudu baƙi a gefen duwatsun. Ya dubi ƙafarta mara takalmi, ya dubi fuskarta, ya yi murmushi.

"Ki taka a hankali, Miran-shi," ya ce. "Wurin nan da santsi. Ni ma da ƙyar nake riƙe da shi."